Ina Kike Ajiye Wuƙarki?

 Yau tambaya ɗaya na zo da ita, ina kuwa roƙon kowace ta amsa wa kanta tsakani da Allah. Yanzu haka da kike riƙe da jaridar nan, ina wuƙar gidanku take? In kin iya faɗin wurin ba tare da kin tashi kin yi dube-dube ba, to, madalla. Amma da yawanmu sai an ɗaga faifai, an leƙa ƙarƙashin tabarma, an tambayi yara, kafin wata ta ce ai ga ta can cikin ruwan wanke-wanke tun safe.

Abin mamaki, kowane kaya a gidanmu yana da mazauninsa. Tsintsiya tana bayan ƙofa, muciya da maburgi suna madafa, kwanonin jere kuwa ko ƙuda ba ya sauka kansu. Wuƙa kaɗai ce ba ta da ɗaki, inda aiki ya ƙare nan take kwana, alhali ta fi su duka iya ɓarna. Ran da ta yanki yaro sai mu ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni ban musa ƙaddara ba. Amma wuƙar da aka bari a tsakar gida inda mai rarrafe yake yawo, sunan wannan sakaci, kowa kuma ya san mai shi.

Yi mata ɗaki ba wani abin kashe kuɗi ba ne. Dukawa suna ɗinka kube, maƙerin da ya sayar miki da wuƙar ma zai nuna miki inda ake samu. In babu, ki naɗe kwali mai kauri ki ɗinke gefensa, ya wadatar. Sa'an nan a kafa ƙusa a bangon madafa, can sama inda yaro ba zai kai ba ko da ya taka kujera ko ya kifa turmi, domin yara sun fi mu dabara. Wadda take da akwati mai makulli ta fi kowa hutawa. Soke wuƙa a jikin zana ko danga ba ajiya ba ce, iska ko akuya na iya kayar da ita. Da zarar an gama aiki a wanke ta ita kaɗai, a goge, a mayar. Kada a jefa ta cikin bahon wanke-wanke, gama kumfa na ɓoye ta, kuma galibi ba wadda ta jefa ba ce take tsoma hannu, ƙaramar yarinya ce da aka sa aiki.

Sai yadda muke yankan kansa. Mu dai mun tashi mun tarar iyayenmu suna yanka kuɓewa da albasa da alayyafo a hannu, bakin wuƙa yana zuwa ya tsaya a kan babban yatsa. Wadda ta shekara ashirin tana yi hannunta ya san iyakarsa, ba zan ce ta canza yau ba, ko na ce ma ba za ta ji ba. Amma don Allah kada a koya wa 'yar shekara takwas haka. A ba ta katako mai faɗi, ta ɗora abin a kai, ta lanƙwashe yatsun hannun da ke riƙe da shi ciki, wuƙa ta riƙa sauka kan katako. Abubuwa masu tauri kuwa, irin su kabewa da rogo da rake da kifin ƙanƙara, ko babba bai kamata ta riƙe su a tafin hannu ko ta ɗora a cinya ba. Zane ba ya tare ƙarfe.

Akwai kuma wata al'ada da na rasa inda muka samo ta, watau buɗe gwangwanin tumatir ko na madara da tsinin wuƙa, ana dukan ƙotar da hannu. Wuƙa ta goce ta shiga tafin hannu, ko bakin gwangwanin ya tsaga yatsa, ga shi an lalata wuƙar a banza. Abin buɗe gwangwani yana nan a kasuwa, kuɗinsa bai kai na ɗinki ɗaya a asibiti ba.

Wasu mata suna ƙin wasa wuƙa da gangan, wai don kada ta yanki yara. Niyyar mai kyau ce, amma lissafin bai fita ba. Dakusasshiyar wuƙa sai an danna ta da ƙarfi, in an danna kuwa sai ta zame daga kan albasa ta faɗa kan yatsa da dukan ƙarfin nan. Mai kaifi tana shiga inda aka sa ta. A wasa ta, a kuma ɓoye ta. Haka kuma in ƙota ta fara girgiɗi a kai wa maƙeri, kada a ɗaure da tsumma a ci gaba. In wuƙa ta suɓuce, ki janye ƙafarki ki bar ta ta faɗi, kada ki kai hannu cafewa. In an ɗauke wuta kuma, a kunna fitila tukuna, miya ba za ta gudu ba.

"Ke, je ki gidan su wance ki aro mini wuƙa, maza yi sauri!" Wace ce a cikinmu ba ta taɓa jin wannan aike ba? An ba yarinya ƙarfe tsirara, an kuma umurce ta da gudu. In lalle sai an aika, a aiki babba, a naɗe wuƙar a takarda, tsininta yana kallon ƙasa. Mai miƙawa kuma ta miƙa ƙota, ko ta ajiye ɗayar ta ɗauka.

Yanzu gare ku 'yan makaranta. Ku taku wuƙar ita ce reza. A aji ina ganinta cikin littafi, cikin aljihun riga, har da mai riƙe ta a leɓe don hannunta yana aiki. Reza ɗaya za ta zagaya aji, wannan ta fiƙe fensir, waccan ta yanke farce, wata ta kankare kuskure a takarda. Yankan reza ƙarami ne, amma jinin da ya rage a bakinta shi ne abin tsoro. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki kwana 7 ko fiye, ba kuwa a gane mai ɗauke da ita da ido. Ku nemi abin fiƙe fensir, kowace kuma ta riƙe abin yankan farcenta. Tsohuwar reza a tara ta cikin gwangwani mai murfi, kada a yar a shara inda ƙannenku suke tone-tone.

To, in abin ya riga ya faru fa? Nan ne ake ƙara wa ciwo ciwo. Kowa a gidan ya zama likita: wannan ta ce a zuba toka, waccan ta ce gishiri, wani ya kawo kananzir ko man birki, tsohuwa ta ce a nemo saƙar gizo. Duk kada a yi. A samu tsumma mai tsabta a danne wurin sosai, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙe minti 10 cur ba a ɗagawa ana leƙe. In jini ya ratso tsumman a ɗora wani a kai. Bayan ya tsaya a wanke da ruwa mai tsabta, a wanke kewayen da sabulu, a rufe. Kada a ɗaure yatsa tam da zare ko roba, yin haka na iya kashe shi.

Amma in jinin ya ƙi tsayawa ko yana tsartuwa, ko yankan ya yi zurfi bakinsa ya buɗe, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko ba a jin taɓi a kansa, asibiti za a nufa nan take. Kada a ce sai maigida ya dawo da yamma, domin ɗinki ya fi kamawa cikin awoyin farko, jijiyar da ta tsinke kuma ba ta haɗuwa da kanta. In wuƙar ta soke ta tsaya a jiki, kada a zare ta, a tallafe ta da tsummoki a tafi da ita haka.

A asibitin ki tambayi allurar ciwon sarƙe haƙora. Mutane suna ɗora laifin ciwon nan a kan tsatsa, alhali ƙwayarsa a ƙasa take da kashin dabbobi, shi ya sa zuba ƙasa a rauni ganganci ne. Yakan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ya bayyana, lokacin an manta da yankan ma, sai a ga baki ya ƙi buɗuwa, jiki yana sandarewa. Shi ne kuma yake kama jariri in an yanke cibiya da ƙarfe marar tsabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 ne ya kashe a shekarar 1988, amma zuwa 2018 adadin ya sauko wajen 25,000, saboda allurar da ake yi wa mata da tsabta wajen haihuwa. Allura biyar ake so mace ta cika. Ki duba katinki na awo ki ga nawa kika yi. Mai ciki kuma ta ajiye sabuwar reza cikin takardarta a kayan haihuwa, ko da a asibiti take niyyar haihuwa, gama naƙuda ba ta sallama.

Ranar da abubuwan nan duka suke haɗuwa wuri ɗaya ita ce Babbar Salla. Ga wuƙaƙe an wasa su sun yi ƙyalli, ga adda da gatari, ga kashin tumbi a ƙasa, ga yara sun yi dafifi kowa yana so ya riƙe ƙafar rago. Maza su gama fiɗa su wanke hannu su fita gaisuwa, su bar mana ƙarafan a warwatse. Ki ƙidaya su da safe kafin a fara, ki sa babba ɗaya ya tsare yara nesa da wurin fiɗa, da yamma kuma ki sake ƙidayawa. In biyar suka fito, kada a ɗora kaskon suya sai biyar sun koma.