Kafin Ka Ja Tirela Da Hilux, A Duba Maka Fitilar Birki

Watan jiya da magariba, tsakanin Jega da Maiyama, saura ƙiris babur ɗina ya shige ƙarƙashin wata ƙaramar tirela shaƙe da albasar Aliero. Hilux ɗin da ke janta ta taka birki, amma ko fitila ɗaya ba ta kama a bayan tirelar ba.

Ba na cikin masu cewa kada ka taɓa motarka da kanka. Ni ma a YouTube na koyi rubuta manhaja. Sai dai manhaja in ta lalace, sabuntawa ake yi. Wannan kuwa ran mutum ne.

Ƙarfen ja a jikin shasi ake ɗaure shi da noti, ba a yi masa walda a bamba. Soket mai ƙafa 7 irin na Turai kuma yana da tsari: waya rawaya siginar hagu, koriya ta dama, ja birki, fara kuma ita ce at. Bidiyon Amurka launukansa daban ne, kada ka kwafa ido rufe. In motarka sabuwa ce mai kwamfuta, kada ka fere wayar fitila ka yi jonin. Sa rile da fiyus.

In ka gama, sa ƙaninka ya tsaya a baya, ka taka birki, ka kunna sigina hagu da dama. In bai ga haske ba, albasar ta kwana a gida.