Raddi ga Mai Cewa Orwell Lauyan 'Yan Jari-Hujja Ne

A wajen wata lacca da aka shirya wa ɗalibai kwanan baya, wani malami ya ɗaga kwafin Gandun Dabbobi ya ce wannan littafi ya rufe bakin masu ra'ayin gurguzu har abada. Wai George Orwell ya nuna cewa duk wanda ya yi wa mai dukiya tawaye zai faɗa hannun wanda ya fi shi zalunci, don haka gara talaka ya haƙura da ubangidansa. Wai kuma masu cewa wannan littafi da ɗan'uwansa 1984 sun soki jari-hujja ƙage suke yi wa marubucin. Ɗalibai suka tafa. Ni kuwa tun ranar maganar take ci mini rai.

Mu fara da gandun kansa, domin a nan Malam ya fi kwafsawa. Littafin ba baƙonmu ba ne, Bala Abdullahi Funtua ya mayar da shi Hausa tun 1975, kowa na iya dubawa. Wane ne Nomau, mai gandun da Malam yake so talaka ya haƙura da shi? Mashayi ne. Ranar da aka yi tawayen, a mashaya ya kwana, ya dawo da rana tsaka ya ɓingire da barci, dabbobi suka wuni ba a ba su ko ƙwayar hatsi ba, har saniya ta fasa ƙofar rumbu. Da ya farka, bulala ya ɗauko. Wannan ne mutumin da Orwell ya wanke?

Sai babin ƙarshe, wanda nake kyautata zaton Malam bai kai gare shi ba. Aladu sun koyi tafiya da ƙafa biyu, sun riƙe bulala, sun gayyaci manoman maƙwabta liyafa. Ɗaya daga cikin manoman ya miƙe yana yaba wa Maitumbi, shugaban aladun, kuma abin da ya burge shi shi ne ƙananan dabbobin wannan gandu sun fi na ko'ina aiki, sun fi na ko'ina ƙarancin abinci. Har ya ce shi da abokansa za su kwaikwayi tsarin a gonakinsu. Daga nan aka shiga karta, rigima ta ɓarke saboda an kama juna da maguɗi, dabbobin da ke leƙe ta taga suka kasa bambance fuskar alade da ta mutum. To, Malam, idan mafi munin abin da marubuci ya iya faɗa a kan alade shi ne ya zama daidai da mai gandu, ta yaya mai gandu ya zama gwarzon labarin? Ko Akawal, dokin da ya ƙarar da ƙarfinsa a bauta, ciniki aka yi da shi: aka sayar da shi ga mai yanka tsofaffin dawakai, aka sayo giya da kuɗin. Ma'aikaci ya tsufa, an mayar da ƙashinsa riba. In wannan ba hoton kasuwa marar imani ba ne, a gaya mini sunansa.

Akwai ma shaidar da ta fi tawa. A 1954 aka fitar da fim ɗin zane na littafin a Ingila, kuma daga baya ta tabbata cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ta zuba kuɗin. A fim ɗin an cire mutane daga liyafar ƙarshe, aladu kaɗai aka bari, sannan aka sa dabbobi suka yi musu tawaye. Da ƙarshen littafin ya yi wa 'yan jari-hujja daɗi, me zai sa su kashe kuɗi su sauya shi? Su sun karanta, sun kuma gane.

Na biyu, marubucin. Eric Blair, wanda duniya ta sani da Orwell, ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Burma daga 1922 zuwa 1927, ya ajiye kakin cikin ƙyamar abin da ya gani. Ya zauna da masu haƙar kwal a arewacin Ingila ya rubuta The Road to Wigan Pier a kan talaucinsu. A ƙarshen 1936 ya tafi Sifaniya ya ɗauki bindiga tare da mayaƙan 'yan gurguzu don yaƙar Franco, aka harbe shi a maƙogwaro a watan Mayun 1937. A wata maƙala ta 1946 ya faɗa da bakinsa cewa duk rubutunsa na gaske tun 1936 yaƙi ne da mulkin kama-karya da kuma goyon bayan gurguzu na dimokuraɗiyya. Haba! Mutum ya faɗi aƙidarsa ƙarara, wani ya zo bayan fiye da shekara saba'in ya sauya masa ita a gaban yara.

Ba na musun cewa Stalin ne abin harin farko. Orwell ya ga yadda 'yan koren Mosko suka farauci abokan gwagwarmayarsa a Basalona, bai taɓa yafewa ba. A 1949 ma ya miƙa wa wani sashe na ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya jerin sunayen waɗanda yake zargi da karkata ga Tarayyar Sobiyet, abin da ni ban yaba masa ba. Amma haushinsa na wanda aka ci amanar tafiyarsa ne, ba na wanda ya bar tafiyar ba.

Na uku, 1984. A Landan labarin ya faru, ba a Mosko ba, kuɗin ƙasar kuwa dala ne. Talakawa, kashi 85 cikin ɗari, an shagaltar da su da caca da giya da waƙoƙin da inji ke ƙirƙira. Da littafin ya fito a 1949, wasu jaridun Amurka suka yi irin fassarar Malam, Orwell kuwa daga gadon jinya ya aika wa wani jami'in ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta Amurka bayani cewa ba gurguzu ko jam'iyyar Leba yake hari ba, kuma irin wannan mulki na iya kafuwa ko'ina.

Malam ya kuma jefo sunan Aldous Huxley. A littafinsa Brave New World na 1932 daga zamanin Henry Ford ake ƙirga shekaru, kuma gyara tsohon kaya maimakon sayen sabo abin ƙyama ne. Ford ɗan gurguzu ne?

Cewar da Malam ya yi duk littattafan wannan zubi gurguzu suke suka, ko amsa ba ta buƙata. Jack London ya rubuta The Iron Heel tun 1908, shekara tara kafin juyin juya halin Rasha, kuma azzaluman cikinsa masu manyan kamfanonin Amurka ne.