Ra'ayinmu: Hanyar teku ta ishi jirgi, ta ishi kifin wel

Teku da faɗi, amma jiragen dakon kaya ba ko'ina suke bi ba. Suna da hanyoyi sanannu kamar burtali, kuma sau da yawa hanyoyin nan kan ratsa inda manyan kifayen da ake kira wel ke kiwo da haihuwa. Kifi muke ce masa, amma dabba ce mai haihuwa da shayarwa, wadda dole ta taso saman ruwa ta shaƙi iska. A nan ajali ke samun ta.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shiga uku shi ne wel ɗin Arewacin Atlantika, mai kai-komo a gaɓar gabashin Amurka da Kanada. Maharban dā sun laƙaba masa sunan da ke nufin wanda ya dace a farauta, domin ba ya sauri, kuma gawarsa kan taso. An hana farautarsa tun 1935, amma har yau bai farfaɗo ba. Ba su kai 400 ba a duniya, matan da ke haihuwa kuwa kusan 70 ne. Abu biyu ke cinye su: karo da jirgi, da sarƙewa a igiyoyin masunta.

An yi ƙoƙari, kuma ya kamata a yaba. A 2003, bayan zama tsakanin masana, gwamnatin Kanada da kamfanin Irving Oil mai jiragen dakon mai, Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta amince aka gusar da hanyar jirage a mashigin Fandi daga inda kifayen ke taruwa. A 2007 aka yi haka a mashigar tashar Boston, daga baya aka dasa na'urori a ruwa masu sauraron kukan wel, su sanar da matuƙa. A 2008 Amurka ta wajabta wa jirage masu tsawon ƙafa 65 zuwa sama kada su wuce gudun kusan kilomita 18 da rabi a awa, a wasu yankuna da wasu watanni. Hikimar a fili take: a wannan gudun, ko an yi karo, kifin ya fi samun damar tsira.

Rage gudu kuma na rage hayaniya. Wel da kunne yake rayuwa, da sauti uwa ke kiran ɗanta. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, da zirga-zirga ta ragu a mashigin Fandi, masu bincike sun auna kashin kifayen suka tarar sinadarin da ke nuna damuwa ya sauka. Shi ya sa tashar Bankuba ta Kanada ke roƙon jirage su sassauta don raɗin kansu tun 2017, domin wani jinsin wel da bai kai 80 ba, kuma akasarinsu na amsawa. A 2022 kamfanin jiragen dakon kaya na MSC ma ya karkatar da jiragensa kudu da hanyar da aka saba a gaɓar Siri Lanka, don kauce wa shuɗin wel.

Sai dai masu ƙorafi ma suna da hujja. Ga mai jirgi, lokaci kuɗi ne: jinkirin awanni na iya sa a rasa layin sauke kaya, kuma daga ƙarshe mai saye ne zai biya. Matuƙan da ke shigar da manyan jirage tasha sun ce tafiya a hankali cikin iska da igiyar ruwa na da nata haɗarin. Da aka kawo shawara a 2022 cewa dokar Amurka ta haɗa da jirage daga ƙafa 35, masu ƙananan jiragen kamun kifi da yawon shaƙatawa suka ce za a kashe musu sana'a saboda haɗarin da ba kasafai yake faruwa ba. A Janairun 2025 aka janye shawarar.

Akwai kuma wata matsalar da ba laifin matuƙi ba ce. Kifi ba ya karanta taswira. Da ruwa ya ɗumama, ƙananan halittun da wel ɗin Arewacin Atlantika ke ci suka yi ƙaura, sai ya bi su zuwa mashigin Sen Lorens, inda babu wani tanadi. A 2017 kaɗai 12 suka mutu a ruwan Kanada, har gwamnati ta yi gaggawar sa dokar rage gudu. Layin da aka shata jiya bai kare kifin da ya sauya makiyaya yau ba.

Duk da haka, akwai abin da hujjar masu ƙorafi ba ta amsa ba. A Fabrairun 2021, wani jirgin kamun kifi mai ƙafa 54, wanda dokar Amurka ba ta shafa ba, ya buge uwar wel da ɗanta a gaɓar Fulorida da yamma. Washegari aka tsinci gawar ɗan a bakin ruwa, farfela ta tsattsaga masa baya da kai. Jirgin kansa ya lalace, da ƙyar mutanen ciki suka kai gaci. A garken da uwa kan yi shekaru kafin ta sake haihuwa, "ba kasafai ba" ma ya yi yawa.

Ra'ayinmu shi ne, haɗin kai ne ya kawo duk nasarar da aka samu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma masanin da bai saurari matuƙi ba zai shata hanyar da ba za ta biyu ba. Amma roƙo kaɗai bai isa ba. In an bar abu ga ganin dama, mai mutunci ne ke asara, mai ganganci ya riga shi tasha. Inda za a iya gusar da hanya, a gusar, shi ya fi sauƙi. Inda ba zai yiwu ba, rage gudu ya zama doka a kan babba da ƙarami, tare da uzurin tsaron rai ga matuƙi, kuma dokar ta riƙa bin kifin duk inda na'ura ta jiyo shi. Janye shawarar 2022 kuskure ne da ya kamata a gyara.

Mu ma ba 'yan kallo ba ne. Kayan da ke cika kasuwanninmu ta Legas, Kwatano da Lome suke shigowa, ta ruwan da wani jinsin wel ke zuwa haihuwa kowace shekara. In 'yan awanni ne kuɗin ransa, duk mai cin moriyar teku ya biya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.