Ki Bar wa Rut Kalarta

In kin taɓa bi ta fadamun Miga bayan yankan shinkafa, kin ga mata da ƙwarya suna tsintar abin da ya zube. Kala ke nan, kuma Littafi Mai Tsarki ya san ta.

Rut gwauruwa ce, baƙuwa daga Mowab, ta biyo surukarta Na'omi zuwa Baitalami hannu wofi. Kalar sha'ir ce ta ciyar da su. Dama Littafin Firistoci 19 ya hana mai gona girbewa har gefe, domin rabon matalauci da baƙo ne. Amma Bo'aza ya wuce doka. Ya sa masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dami da gangan suna yar mata, ya kuma hana a tsawata mata. Ta koma gida da hatsi, mutuncinta bai zube ba.

A nan muke yawan tuntuɓe. Mukan bayar, amma sai unguwa ta ji. Shekarar da ruwa ya ci gonaki, kamar ambaliyar 2022 a Jigawa, wadda ba ta saba roƙo ba ita ta fi shan wuya, don kunya kan rufe mata baki.

Ko ba ki da gona, kina da gefe: mudun gero, ko kayan makarantar da suka yi wa ɗanki kaɗan. Ki aika da dare. Ko ki kira ta ta taya ki sussuka, ki sallame ta da kyau. Ba sai an sanar a zumuntar mata ba.

Rut ce ta haifi Obida, kakan Sarki Dawuda. Ba ki san wanda mudunki zai raya ba.