Wa Kuke Riƙe wa Amana?

Ya ku 'yan'uwa masu cika baki da ƙaunar Superman, har kuna ta da jijiyar wuya in an kushe shi, ku saurara. A 1938 samarin da suka ƙago shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da shi dala 130 kacal. Kamfani ya kwashi miliyoyi, su kuwa tsufa ya riske su cikin talauci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Sai a 1975, bayan 'yan'uwansu masu zane sun ta da ƙura a jaridu, aka amince a ba kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma mayar da sunayensu cikin littattafan. Mutum nawa cikinku ya taɓa tsayawa ya karanta sunayen nan biyu?