Waiwaye: Zarto da walda a jikin tsohon babur

A shekarun 1980 akwai wasu babura a ƙasar Daura da ko makaho zai gane su da kukansu. Dogaye ne, kujerarsu a sama, tayarsu mai manyan haƙora, suna tafe suna zuba shuɗin hayaƙi saboda injinsu da baƙin mai yake ƙona fetur. Galibi malaman gona da ma'aikatan lafiya ke hawansu. Tun da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a Funtua a 1975, tsarin ya yi ta yaɗuwa, kuma malamin gona ba ya aiki sai da abin hawan da zai ratsa rairayi. Wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Baure ko Zango da rani ya san abin da nake nufi. A lokacin Daura tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, sai a Satumban 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

Irin waɗannan babura asalinsu Japan. Yamaha ta fito da DT-1 a 1968, babur ɗin da aka ƙera don ya hau kwalta ya kuma shiga daji, sannan a 1973 ta yi AG100 saboda manoman Ostareliya, wanda daga baya ya sami karɓuwa a ƙasashen Afirka. Honda kuwa ta kawo CG125 a 1975, shi na kwalta ne, an yi shi don ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai ba. Wannan na ƙarshe shi ne kakan yawancin baburan China da suka cika mana tituna daga baya.

Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, naira ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin talaka. Dogayen baburan nan suka fara sauya hannu, daga ma'aikaci zuwa ɗan kasuwa, daga ɗan kasuwa zuwa manomi. Sabbin masu su kuma ba yawon duba gona za su yi ba. Buhun gero za su ɗauko, ko akuya biyu daga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Babur ya yi tsawo, mai shi ba ya iya dafa ƙasa da kaya a baya, ga kariya ƙarama. Daga nan zarto ya shigo zancen.

Wani kawuna ya sayi ɗaya a shekarun 1990. Ya kai shi wurin wani dattijo mai walda da ke aiki a zauren gidansa, ba shago ba allo, kayan aikinsa tukunyar gas, zarto, magagari, guduma da wani dogon ƙarfe da ya kafa a ƙasa. Kawu ya ce a rage tsawon baburin, a sa masa ƙaramar taya a gaba, a kuma ja kariya baya da rodi yadda za ta ɗauki buhu biyu.

Dattijon ya zagaya baburin, ya ce, "Alhaji, kariya zan yi maka. Kujera ma zan sauke ta. Amma wuyan nan ba zan taɓa shi ba, tayar gaba kuma ka bar ta yadda ka same ta."

Kawu ya ce, "Haba Malam, ai da kuɗina na zo."

Ya ce, "Na sani, Alhaji. Ni ma da sunana nake aiki."

A lokacin na ɗauka taurin kan tsofaffi ne. Sai da na girma na fahimci lissafin da ke ƙarƙashin maganarsa. Yawancin baburan daji tayarsu ta gaba inci 21 ce, ta baya 18. Babbar tayar tana hawa kan rairayi da rami cikin sauƙi. Idan ka cire ta ka sa ƙarama, gaban baburin zai sunkuya, ƙafafun gaba su ƙara miƙewa tsaye, sai kan ya riƙa saurin juyawa fiye da yadda direba ya nufa. A kwalta rawa zai yi idan an sa gudu, a rairayi kuwa nutsewa zai yi ya kayar da kai. Ƙara da buhu biyu da aka ɗora a bayan tsakiyar tayar baya, waɗanda ke ɗage gaba sama, ka ga an haɗa masifa biyu wuri guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya yi aikin. Ya sauke tanki ya kai shi can ƙofar gida, domin tankin da ya bushe ma turirin fetur yana nan a ciki. Ya cire wayoyi. Ya ɗaure firam ɗin a jikin dogon ƙarfen nan, ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ta kowane gefe, ya auna, ya yi alama da alli. Da ya yanke bututun da ke ƙarƙashin kujera, bai haɗa baki da baki kawai ya narka ba. Ya nemo wani siririn bututu ya zura a ciki ya ratsa mahaɗar, ya huda ramuka, ya like ta cikinsu, sannan ya bi bakin. Walda ma ba ya yin ta a jere. Ya ɗiga nan, ya koma ɗaya gefen ya ɗiga, ya jira ta huce, ya sake jan zare. Ƙarfe idan ya sha wuta yana janyewa wajen hucewa, in ka cika gefe ɗaya gaba ɗaya sai firam ya karkace, tayar baya ta daina bin sawun ta gaba. Duk wanda ya taɓa ganin babur yana tafiya a karkace kamar kare mai gudu, to wannan ne ya same shi. Sarƙa za ta riƙa cin haƙoranta, taya ta cinye gefe guda.

Kariyar kuwa bai bar ta ta rataya a wutsiyar firam ba. Ya yi mata ƙafafu biyu da suka sauko suka kama inda ƙarfen ya fi kauri, kusa da maɗaurin sifirin. Rodi ma bai so ba, ya ce nauyinsa banza ne, kuma ba ya lanƙwasa tare da siririn bututu. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Suna ganin in an labta ƙarfe mai kauri an ƙara ƙarfi. Gaskiyar ita ce firam an yi shi ne ya ɗan riƙa motsi yana raba nauyi. Ka sandarar da wuri ɗaya, duk jijjigar sai ta taru a bakin inda waldar ta ƙare, wurin da wuta ta riga ta gajiyar. Shi ya sa tsagewa ba ta cika fitowa a tsakiyar walda ba, a gefenta take ɓullowa, siririya, ƙarƙashin fenti.

Yau zamani ya sauya. Jincheng ta zo, Bajaj Boxer ta biyo baya, tsoffin dogayen baburan nan sai jefi-jefi. Amma yanka firam bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa ke son ɗaukar kayan sahu biyu a sahu ɗaya. Injin walda na lantarki ya yi arha, yaro zai yi wata kaɗan a gaban ubangidansa ya buɗe nasa wurin. Sanda mai kauri, wuta mai yawa, bututu siriri: sai ya ɓule, a cike ramin, a gurza, a shafa baƙin fenti. Zare kuwa an daina ja. Ban ce duka haka suke ba, akwai masu hannu ƙwarai a cikin matasan, sai dai ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu dalilin kowane mataki.

Akwai kuma batun lambar shasi, wadda galibi a wuyan babur ake buga ta. Mai walda ya bi ta da wuta ko ya gurje ta, mai babur ya rasa shaidar da za ta dace da takardunsa. A gari irin namu da kan iyakar Kongolam ke nan kusa, wannan kaɗai ya isa ya raba mutum da abin hawansa.

Daura yanzu tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Sufuri. Da za su ware 'yan makonni a shekara su tara masu waldar masarautar nan, daga Sandamu har Baure, a koya musu awo da zafin ƙarfe cikin Hausa, da an rage karaya a hanyoyinmu. Kafin nan, kai mai shirin sayen babur na hannu, tsuguna ka duba wuyansa da ƙarƙashin kujera. In ka ga sabon fenti a wuri ɗaya, sa farce ka kankare kafin ka ƙirga kuɗi.