Waiwaye: Kan Sarki da Hatimin Akawu

Ranar da aka buɗe adakar kakana bayan sadakar arba'in, cikin abin da aka tarar har da wata takardar cinikin gida da ta yi jawur don tsufa. A ƙasanta an manna ɗan kan sarki mai hoton Sarki Joji na Shida, mai sayar da gidan kuwa ya rattaba sunansa da ajami a kan fuskar, tun daga kunne har zuwa hanci. Haka aka saba a lokacin, rasit ba ya cika sai an manna kan sarki an sa hannu a kansa. Na daɗe ina kallon fuskar nan. Babu tamoji ko ɗaya, gashi a kwance, wuya a miƙe, kai ka ce mutumin bai taɓa kwana da ciwon kai ba. Ga kuma tawadar wani talaka ta ratsa ta, babu wanda ya kama shi.

Sunan ma da muka raɗa wa abin ya isa labari. Tun daga 1902 har zuwa farkon shekarun 1950, kawunan sarakunan Ingila maza ne ke kan takardun gidan waya a ƙasar nan: Edwad na Bakwai, Joji na Biyar, Joji na Shida. Bahaushe ya duba ya ga kai babu gangar jiki, ya ce kan sarki. Sarauniya Elizabet ta Biyu ta zo ba a sake suna ba. Aka sami mulkin kai aka koma buga hoton dalar gyaɗa da tsuntsaye da madatsar ruwa, har yau kan sarki ake cewa.

Gyaran fuska ya fara ne tun daga kan sarki na farko a duniya, wanda Ingila ta fitar a watan Mayun 1840, baƙi, na kwabo ɗaya. Hoton Sarauniya Biktoriya da ke kansa ya samo asali ne daga wani zane da aka yi mata a 1834, tana 'yar shekara 15. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya tara, mijinta ya mutu, ta yi ƙiba, ta tsufa tukuf, ta rasu a 1901 tana da shekara 81, amma a kan wasiƙun Ingila ba ta taɓa wuce budurci ba. Mutumin da aka haifa a farkon mulkinta ya yi jikoki yana lasar bayan hoton yarinya. 'Yar tattaɓa-kunnenta, Elizabet ta Biyu, ma ta bi sawu. Siffar da mai sassaƙa Arnold Machin ya yi mata, wadda ta fito a 1967, ita aka ci gaba da bugawa har ta rasu a 2022 tana da shekara 96. An taɓa yunƙurin sabunta hoton a shekarun 1980, ba ta nuna tana so ba, magana ta mutu.

Ban ga laifinsu sosai ba. Wa ke son a rarraba tsufansa gida-gida? Ko mu da ba kowa ba, in mai hoto ya ɗauke mu sai mun ce ya nuna mana, in bai yi ba a sake. Amurkawa sun tabbatar da cewa halin na kowa ne a 1992, lokacin da gidan wayarsu ya ba jama'a zaɓi tsakanin hoton mawaƙi Elvis Presley yana saurayi da hotonsa bayan ya manyanta ya yi jiki. Mutum sama da miliyan ɗaya suka jefa ƙuri'a, kusan kashi uku cikin huɗu suka ce a ba su saurayin.

Wanda ya kai abin maƙura shi ne Fadinan na Biyu, sarkin Sisili da kudancin Italiya. Talakawansa suna kiransa Bomba, saboda ruwan harsashin igwa da ya sa aka yi wa birnin Messina a 1848 da mutanensa suka yi masa bore. A farkon 1859 aka fitar da kan sarkin Sisili mai hotonsa, aikin gwani, masana har gobe suna sa shi cikin mafi kyau da aka taɓa bugawa. Sai matsala ta taso. Aikin akawun gidan waya shi ne ya ɗaga hatimi ya doka a kan hoton don kada a sake amfani da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a gidan waya ya san ƙarar nan, dum a kan tawada, dum a kan ambulan, akawu ko ɗaga kai ba ya yi. To wa zai doki fuskar Bomba? Sai aka ƙera hatimi na musamman mai kama da firam ɗin hoto, wanda zai zagaye kan ta gefe uku ya bar fuskar fes. A nan nake tuna maganar mutanenmu cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, ko da yake wannan karon sarkin ma ba kanwar lasa ba ne. Cikin watan Mayun 1859 ɗin Fadinan ya mutu. A 1860 wani madugun mayaƙa mai suna Garibaldi ya ci Sisili da yaƙi, hatimi da firam ɗinsa suka zama kayan tarihi.

Akwai kuma sarakunan da aka ɓata ba da niyya ba. Tsibirin Morishus, da ke tekun Indiya ƙarƙashin mulkin Ingila, bai jira kaya daga Landan ba, sai ya nemi masu sassaƙa na gida. A 1847 wani mai suna Joseph Barnard ya zana Biktoriya iya ƙoƙarinsa, aka buga ɗari biyar na kwabo, ɗari biyar na kwabo biyu. Hoton ba ya kama ƙafar na Landan. Wanda wani Lapirot ya yi a 1859 ya fi wannan muni, har masu tara kan sarki a Faransa suka yi masa laƙabi da kan biri. Abin dariyar shi ne, na Barnard ɗin da suka rage a duniya ba su kai talatin ba, kuma a 1904 jikan Biktoriyar, wanda daga baya ya zama Joji na Biyar, ya biya fam 1,450 ya sayi guda ɗaya. Shi kansa da ya hau gado a 1910, kan sarkinsa na farko da ya fito a 1911 ya sha suka saboda hoton bai yi kyau ba, ba a daɗe ba aka sake wani.

Wani kuma bai jira ya gaji sarauta ba. Charles Connell, shugaban gidan waya na Niyu Buranzuwik da ke Kanada ta yau, an aike shi ya yo odar sababbin kan sarki a 1860, ya dawo da fuskarsa a kan na santi biyar. Surutu ya yi yawa, ya ajiye aiki. Irin Connell ba su ƙare ba. Duba allunan kan titi, duba buhun shinkafar tallafi, duba jikin rijiyar burtsatsen da aka haƙa da kuɗin jama'a.

A nahiyarmu hoton ya ɗauki wani nauyi dabam. Da Gana ta sami 'yanci a 1957, Kwame Nkrumah ya sa fuskarsa a kan sarkin bikin, 'yan hamayya suka ce girman kai ne. Hujjarsa ita ce jama'a da yawa ba su iya karatu ba, sai sun ga baƙar fata a inda suka saba ganin Sarauniya za su yarda Bature ya tafi. Hujja ce mai ƙarfi, na yarda da ita. Amma an hamɓarar da shi a 1966, kuma masu juyin mulkin ba su ɓata lokaci ba wajen cire fuskarsa daga kuɗin ƙasar. A Nijeriya har auren Janar Yakubu Gowon an yi wa kan sarki a 1969, yaƙin basasa na ci. Janar Murtala kuwa sai bayan an kashe shi aka buga nasa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce bai cancanta ba. A ganina wannan ne tsarin da ya fi lafiya: a bari mutum ya gama, jama'a su auna shi, sannan a manna shi. Hoton da mai mulki ya zaɓa wa kansa da kansa, ranar da kujera ta suɓuce shi ne abin da ake fara huce haushi a kai.

Sarki Faruk na Masar ya fi kowa sanin haka. Ya gaji mahaifinsa a 1936 yana ɗan shekara 16, kyakkyawan saurayi, Misirawa suna ƙaunarsa, kan sarkinsa na farko ya nuna shi siriri da jar dara. Daga baya aka sake masa hoto cikin kakin babban hafsa. Shekaru suka tafi, ya yi teɓa, ya yi suna wajen caca da almubazzaranci, amma a kan ambulan yana nan tsaf da lambobinsa. Shi ma mai tara kan sarki ne na gaske, taskarsa na cikin mafi girma a zamaninsa. A watan Yulin 1952 hafsoshin soja, cikinsu har da Jamal Abdul Nasir, suka tilasta masa sauka, ya hau jirgin ruwa ya bar ƙasar. Sabuwar gwamnati ta tarar da kan sarki jibge a rumbun gidan waya, zubar da su asara ne, sayar da su haka nan kuma ba zai yiwu ba. A 1953 aka mayar da su maɗaba'a aka ja baƙin layi uku a kan fuskar, aka ci gaba da sayarwa a kan farashinsu. Taskar tasa kuma, a 1954 gwamnati ta yi gwanjonta a Alƙahira.